Mai Katako Da Kacau-kacau Na Shida

Ranar da aka ba Mai Katako wuri kusa da teburina, kafin azahar mun yi faɗa. Ko in ce na yi faɗa, don shi bai taya ni ba. Ni zare nake sayarwa, da allura da maɓalli da robar wando, shekara ashirin da ɗoriya a wuri ɗaya. Sai ga wannan mutum ya zo ya jera kwanukan itace, ya zauna yana goge wani ɗan akwati da takardar gogewa, iska tana kwaso ƙurar tana zuba mini a kan farin zare.

"Kai, bawan Allah," na ce, "gidanku babu tsakar gida ne, sai ka zo kasuwa ka yi mana tankaɗe?"

"Yi haƙuri, Iya."

"Haƙurin ne zai wanke mini zare? Zo ka duba."

Ya taso ya duba, ya sunkuya ya hura zaren da bakinsa, ƙurar ta tashi ta shige mini ido. Abin da na faɗa masa bayan nan ba na maimaitawa ba ne. Na dai san na taɓa sanƙonsa, na taɓa wanda ya ba shi wurin. Ya tsaya ya ji duka, hannu a baya kamar mai sauraren wa'azi, sannan ya ja teburinsa ya juya shi ta inda iska ba za ta kawo mini komai ba. Babu abin da ke ƙona mini rai irin in shirya faɗa a ƙi ni. Kasuwa uku ban amsa gaisuwarsa ba.

Shekara goma sha ɗaya muka yi a haka, kafaɗa da kafaɗa.

Ubansa masassaƙi ne, da gizago yake aiki. Shi kuwa tun yana saurayi ya shiga wani kamfanin kujeru, aka sa shi a kan injin juya itace, ya yi shekara ashirin ba ya yin komai sai ƙafar kujera. Ya ce mini har a mafarki ƙafar kujera yake gani. Da kamfanin ya rufe, ya sayi tsohon inji ɗaya daga cikin nasu, ya kafa a ɗakin da ke bayan gidansa, ya rantse shi da ƙafar kujera har abada. Ya koma yin kwanuka, da cokula, da ƙananan akwatuna masu murfi, da mazaunin kyandir, irin abin da mutum ke saya ya naɗe a takarda ya kai wa wani. Kasuwa uku yake zagayawa a mako. Tamu ce babba.

Sau ɗaya na shiga ɗakin aikin, ran da na je duba matarsa da ba ta da lafiya. Ya kama guntun icce ya maƙale shi tsakanin ƙarafa biyu masu tsini, ya kunna. Iccen ya shiga juyawa har ya ɓace wa ido, sai inuwarsa. Ya kawo ƙarfen sassaƙa ya ɗora a hankali, sai ga ɓawo yana tashi a nannaɗe yana zuba masa a kafaɗa. Babban yatsansa na hagu guntu ne, injin nan ne ya cinye rabi. Na ja baya har ƙofa, na ce, "Kashe abin nan kafin ya ƙarasa sauran." Ya yi dariya. A gaban inji ne kaɗai na taɓa ganinsa ba ya jin tsoron kowa.

Yana da wata ɗabi'a da duk layinmu ke yi masa dariya a kai: ba ya aiki da itace sai ya ɗanɗana. Ya yanki ɗan siriri ya ɗora a harshe, ya lumshe ido kamar mai gwada gishirin miya. Mai takalma yakan ce, "Mai Katako, a kawo maka cokali ko da hannu za ka ci?" Shi kuwa ya ce haka ubansa ya koya masa. Itace mai ɗaci ba ya zuwa baki, sai ya yi mazaunin kyandir ko akwati. Wanda harshe bai ƙi ba, shi ke zama kwano da cokali da abin wasan yara. Shekara talatin harshen nan bai taɓa yi masa ƙarya ba, shi ya sa bai taɓa tambayar kowa sunan bishiya ba.

Wata shekara aka rushe wani tsohon gida a hanyar kasuwa, aka sare shingen furannin da ya kewaye shi. Furannin sun tsufa har gindinsu ya kai kaurin damtse. Ma'aikata suka tara a bakin hanya, ya roƙa suka ba shi, ya kai gida ya jingine har ya bushe. Ran da ya tashi aiki da shi, mura ce ta danne shi, irin wadda ko barkono mutum ya tauna ba ya ji. Ya ɗora ɗan siririn a harshe, bai ji komai ba. Da yamma jiri ya ɗebe shi, zuciyarsa ta yi ta tashi, ya ce murar ce.

Kacau-kacau na jarirai ya yi da iccen, guda bakwai. Ban taɓa ganin aiki irinsa ba. Kowane da mariƙi daidai hannun jariri, da zobba uku masu yawo a jikinsa, an yanko su daga iccen guda, ba su fita kuma babu inda aka haɗa su. Fari tas, sumul. Ya kawo su ranar Talata, kafin la'asar shida sun tafi.

Ranar Asabar na gan shi tafe tun da safe babu kaya. Bai gaishe ni ba, shi da ke gaishe da kowa har masu shara. Ya zauna a kan bencina, ya ajiye kacau-kacau na bakwai a tsakaninmu.

"Iya, zomayen gidana sun mutu."

"To Allah ya mayar da alheri. Shi ne ka zo kamar wanda aka kora daga kabari?"

"Guntayen iccen nan na zuba musu jiya, su yi ta gwaguya, yadda na saba. Da safe duka huɗun a miƙe. Na ɗauki guntu ɗaya na kai wa mai sayar da furanni na bakin gada, shi ya yi aiki a gidan nan da. Yana gani ya buge shi daga hannuna. Ya ce ko girki ba a yi da shi. Ya ce akuya ta ci ganyensa ba ta kwana."

"Ka ɗanɗana ai."

"Na sake ɗanɗanawa yau, da mura ta sake ni." Ya nuna mini harshensa. "Har yanzu ban jin gefen nan."

Na dubi abin da ke kan benci. Na haifi tara, na san inda jariri ke kai duk abin da ya shiga hannunsa.

"Iya, su wa suka saya?"

Shi ke nan matsalarsa, ba ya kallon fuska. In mutum ya zo teburinsa, hannun mutumin yake kallo, ya ga yadda yake shafa iccen. Ni kuwa babu mai wucewa ta layin nan ban san kalar takalminsa ba. Na rufe ido na lissafo su: matar mai gyaran agogo, ɗaya. Nas ɗin nan mai takalmin roba, ɗaya. Malamar makaranta biyu, don ƙanwarta ta haifi tagwaye. Surukar mai takalma, ɗaya. Na shida wani dattijo ne mai baƙar lema, baƙo, ban taɓa ganinsa ba.

Na ja buhu na rufe zarena. Tun da na fara kasuwa ban taɓa rufewa da hantsi ba, ko ran da aka ce mini mijina ya faɗi sai da na nemi mai tsaron tebur.

Gidan mai agogo muka fara. Abin yana kan gadon jaririyar, kusa da kanta, amma satinta uku, ko hannunta ba ta sani ba tukuna. Na malamar suna cikin takardarsu ba a kwance ba. Nas ta rataye nata a ƙusa, wai ya yi kyau da yawa a ba yaro. A ko'ina Mai Katako magana ɗaya yake yi, kansa a ƙasa: wai ya gano akwai tsaga a jiki, kada ta soki yaro. Na ji ƙaryar na yi shiru, tunda ana ba mu.

Gidan surukar mai takalma ne ya kusa kashe ni. Muna ɗaga labule na ga yaro zaune a kan tabarma, abin a hannunsa, yana ɗaga shi zuwa baki. Ban san yadda tsofaffin gwiwoyin nan suka tsallaka ɗakin ba. Na fizge, yaro ya tsala ihu, uwar ta taso da ludayi a hannu.

"Lafiya, tsohuwa? Hauka kike?"

"Tun yaushe yake hannunsa?"

"Yanzu na ba shi, in samu in sauke tukunya."

Na buɗe bakin yaron na duba, ko me nake nema oho. Na sa ta wanke masa hannu da sabulu a gabana. Da muka fito Mai Katako ya jingina da bango ya yi amai.

Biyar ke nan. Muka koma kasuwa na zauna ina tono dattijon nan a kaina. Lemarsa an ɗaure ƙarfe ɗaya da waya. Ya tsaya a teburina ya taya maɓalli bai saya ba. Sai maganar da ya yi wa Mai Katako ta dawo mini, har da dariyarsa: jikansa na fari ne, namiji, wata biyar, dasashi ya fara yi masa ƙaiƙayi, komai ya samu sai ya ciza.

Da na faɗa masa, Mai Katako ya dafe kai da hannu biyu.

Muka je tasha, muka tambayi direbobi da masu lodi. Dattijo mai lema? Suka ce damina ce, Iya, duk dattijon da ya shigo da lema yake shigowa. Muka tambayi mai shayi, muka tambayi mai gadin ƙofa. Babu wanda ya san daga ina ya zo.

Da muka dawo ya nemi kwali da alƙalami. Ya ce zai rubuta ya kafa a teburinsa, duk wanda ya sayi abin wasa ya dawo da shi, akwai tsaga.

"Ni za ka karanta wa?" na ce. "Rabin matan da ke shigowa kasuwar nan irina ne, rubutu a wurinmu zanen kaza ne. Kuma mutumin baƙo ne, ka san ran da zai sake biyowa ta nan? Ka tashi ka je ofis a ba ka lasifika."

Ofishin shugaban kasuwa na da lasifika, ta cigiyar yaran da suka ɓata. Ana jin ta har bakin titi.

"To," ya ce. "In ce akwai tsaga."

"Wa ka taɓa gani ya bar abin da yake yi ya ruga don tsaga? Uwa ta shafa ta ji sumul, ta mayar wa yaro. Guba za ka ce."

Ya kalli guntun yatsansa. "Iya, in na ce guba, wa zai ƙara cin abinci a kwanona?"

"Babu."

"Haka kawai za ki ce mini babu?"

"So kake in shafa maka mai? Babu. Ko ni sai na yi tunani. Amma yanzu haka da muke zaune akwai yaro a wani ɗaki da abin nan a bakinsa, kuma kai ka goge masa shi ya yi santsi."

Na yi zaton zai ce in je in faɗa a madadinsa, don ya san bakina. Da ya ce, da na je. Bai ce ba. Ya miƙe, na bi shi.

Ofishin ɗan ɗaki ne, tebur ɗaya da fanka. Shugaban ya ji bayani, ya miƙa masa abin maganar ba tare da ya kalle shi ba. Mai Katako ya kai abin bakinsa har ya bugi haƙoransa, duk kasuwa ta ji ƙarar.

"Jama'a, ni ne Mai Katako na layin masu zare. Ranar Talata na sayar wa wani dattijo mai lema kacau-kacau na jarirai, fari, mai zobba uku. Iccen guba ne. Ban sani ba, amma ni na yi shi. Don Allah duk wanda ya san shi, a karɓe daga hannun yaron. In yaron ya sa a baki a kai shi asibiti. A faɗa a unguwanni. Guba ne."

Ban taɓa jin kasuwar nan ta yi tsit irin na lokacin ba, har injin niƙa sai da aka kashe. Daga nan ta ɓarke. Kafin mu koma layinmu mutane sun cika gaban teburinsa. Wata ta ce shekara biyar tana ba 'ya'yanta abinci a kwanonsa, ashe shi ya sa ƙaraminsu ba ya ƙiba. Wani ya ce a kira 'yan sanda. Na tsaya a gabansa na ba kowa amsa daidai da bakinsa, amma zagi ba ya hana mutane tsoro, ni ma tsoron nake ji. Bayan kowace awa ya koma ofis ya maimaita, kalma ɗaya bai rage ba. Washegari ya tafi kasuwa ta biyu ya faɗa, jibi ya tafi ta uku.

Kwanukansa suka yi ta dawowa. Ba a miƙa masa, sai a jefar a gaban tebur. Aikin shekara goma ya taru tsibi, kwano da cokali da akwati, har da mazaunin kyandir, kamar akwai mai lasar mazaunin kyandir. Shi ko a jikinsa. Ƙofar kasuwa kawai yake kallo.

Kwana shida muka yi. Duk macen da ta wuce da goyo sai na leƙa hannun yaron, har aka fara kauce wa teburina. In na ji an ce an yi rasuwa a wata unguwa, tambayata ta farko babba ne ko yaro. Matarsa ta ce mini ya rufe ɗakin aikin da kwaɗo, ya daina ko bi ta ƙofar.

Ranar Juma'a da hantsi wata yarinya ta shigo layinmu, ba za ta wuce ashirin da biyu ba. Idonta ya kumbura, ɗankwali a karkace. Gaban rigarta ya jiƙe da nono, amma babu yaro a bayanta. Ta tsaya ta ce, "Wane ne Mai Katako?"

Ya miƙe. Ta kwance wani ƙyalle a kan teburin. Kacau-kacau na shida ne. Zobe ɗaya ya yi duhu don tsotsa, ga sawun haƙori biyu ƙanana a jiki.

Duk layin babu wanda ya yi motsi. Na san in ban tambaya ba babu mai tambaya, kuma a rayuwata ban taɓa jin tsoron bakina ba sai ran nan.

"'Yata, ina yaron?"

"Yana asibiti."

"Da rai?"

Ta dube ni kamar ba ta gane tambayar ba, sannan ta gyaɗa kai. Ta ce kwana biyu yana amai, ya yi laushi kamar tsumma, likitoci suna ta gwaje-gwaje ba su san abin da suke nema ba. Sai maƙwabciyarta mai albasa ta dawo daga kasuwa ta uku tana ba da labarin wani mahaukacin masassaƙi da ke shelar kansa a lasifika. Ta ce ko takalmi ba ta sa ba, ta ɗauki abin ta kai wa likita. "Yau da safe ya kama nono," ta ce.

Mai Katako ya durƙusa a cikin tsibin kwanukan nan. Ta tsaya a kansa.

"Babana ne ya saya. Tun ranar bai ce uffan ba, yana zaune a bakin asibiti. Na zo in ga fuskarka ne kawai."

Ya ɗago mata ita. Ta kalla, ta kalla, ta bar masa abin a kan tebur, ta naɗe ƙyallenta ta tafi. Ba ta zage shi ba. Da ta zage shi da ya fi masa sauƙi, ni na sani.

Ya haƙa rami mai zurfi a bayan gidansa ya binne bakwai ɗin da sauran iccen, ya danne da duwatsu. Bai sake kunna injin ba. Na ce masa mutane suna mantuwa, ya ba su shekara guda. Ya ce ba mutane ba ne, shi ne. In ya ɗauki itace yanzu bai san wa zai tambaya ba, harshen da ya dogara da shi shekara talatin ya gane mura ma tana iya rufe shi. Wani mai yin gadaje ya ɗauki injin. 'Yarsa da ke aure a wani gari ta ce su koma kusa da ita, mijinta zai sama masa gadi a wata makaranta.

Bayan wata biyu ya zo sallama. Motar kayansu tana bakin ƙofar kasuwa, matarsa a gaba. Ya rame har wuyan rigarsa na yawo. Ya gaishe da mai takalma, ya gaishe da masu shara, ya zo ya tsaya a gabana, hannu a aljihu. Ya ce in yafe masa. Ya ce in gaishe da jikoki. Ya yi ta faɗin abubuwa, amma abin da ya kawo shi ya kasa fitowa, ni kuwa na san shi tun kafin ya buɗe baki. Direba ya danna hon.

Na ce, "Uwar yaron ta zo shekaranjiya, ta sayi maɓalli shida. Yana bayanta, ya yi ƙiba har wuya ya ɓace, ya ja mini ɗankwali. Haƙoransa huɗu yanzu, ni na ƙirga. Je ka hau motarka, ana jiranka."